Sana'ar Fure a Abuja: Kada Ku Sari Abin da Ba Ku Riga Kun Sayar Ba

Duk wanda ke zuwa bukukuwan aure a Abuja a 'yan shekarun nan ya ga yadda fure ya samu gurbi a hidimar da a da lalle da turaren wuta da kayan ɗaki ne kaɗai ke da shi. Daga zaurukan biki na Maitama da Wuse II har zuwa na Gwarinpa da Kubwa, da wuya a yi kamu ko dina ba a ga an lulluɓe mazaunin amarya da furanni ba. Matasa da yawa, musamman 'yan mata da suka gama makaranta suka yi hidimar ƙasa aiki bai samu ba, suna kallon wannan su ce ga sana'a mai tsafta, mai kyau a ido, mai kuɗi. Ba su yi ƙarya ba, sai dai abin da ido ke gani a zauren biki shi ne ƙarshen aikin. Nasihata gare ku, ƙannena, guda ɗaya ce, kuma duk sauran maganar daga gare ta za ta fito: fure haja ce da ke fara mutuwa tun daga lokacin da aka yanke ta, don haka wanda zai rayu da wannan sana'a sai ya tsara kuɗinsa da alƙawarinsa da shawarar da yake bai wa amarya a kan wannan gaskiyar. Wanda ya manta da ita zai ci jarinsa ko da yana ganin ciniki na tafiya.

Mu fara da hajar kanta. Mai sayar da atamfa a kasuwar Wuse, idan kasuwa ta ƙi, sai ya ninke kayansa ya jira wata mai zuwa. Ko mai tumatir, wanda kowa ya san kayansa ba sa jira, yana da mafita: idan ya ga za su lalace sai ya yanka ya shanya su zama kauɗa, ya sayar daga baya. Mai ɗanyen fure ba shi da kauɗa. Furen wardi da aka kula da shi sosai yakan yi kamar mako guda a cikin ruwa, kuma cikin wannan makon har da kwanakin da ya ci a hanya kafin ya iso hannunka. Shi ya sa babbar kasuwar furanni ta duniya, wadda ke Aalsmeer kusa da birnin Amsterdam a ƙasar Holan, ta shahara da wani irin gwanjo na daban. Maimakon a fara daga ƙasa ana hawa, agogon gwanjon yana farawa daga farashi mai tsada yana sauka, wanda ya fara tsayar da shi shi ne ya saya. An yi haka ne don a gama ciniki cikin daƙiƙoƙi, domin kayan ba za su jira tayi da albarka ba. Idan manyan 'yan kasuwar da suka fi shekara ɗari a harkar sun gina tsarinsu duka a kan gudun ɓata lokaci, to mai ƙaramin shago a Utako ba shi da hujjar da zai tara furanni yana jiran mai saye ya faɗo.

Sai mu duba inda furen yake fitowa, domin a nan ne kuɗin yake. Wardi mai babban kai da doguwar kara, irin wanda amare ke gani a hotuna, yana son wuri mai tudu, da rana mai haske da dare mai sanyi. Wannan ne ya sa gonakinsa suka taru a gefen tafkin Naivasha na ƙasar Kenya, wanda ke kan tudun kusan mita 1,900, da yankin Ziway na Habasha, da tsaunukan Kolombiya da Ekwado. Abuja ba ta da irin wannan yanayin. Wurin da ya fi kusa da mu mai kama da haka shi ne Jos, mai tudun kusan mita 1,200, inda manoma suka daɗe suna noman wardi da wasu furanni tare da dankali da kabeji da sauran kayan sanyi. Ke nan furen da ke shagon Abuja, ko dai ya biyo jirgi ya sauka a filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe ko ya biyo ta Legas, ko kuma ya sauko daga Filato a mota ta Akwanga da Kefi. Na jirgi da dala ake sayensa, kuma shigo da tsiro ko fure daga waje yana buƙatar izini da binciken hukumar NAQS mai tantance kayan gona da ke shiga ƙasa. Kun kuma san abin da ya faru da naira: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya yi wa amarya farashin furen Kenya wata uku kafin biki a wancan lokacin, bai rubuta cewa farashin zai bi canji ba, daga aljihunsa ya cika.

Bayan dala sai sanyi. Wardi da ire-irensa na ƙasashe masu sanyi ana ajiye su ne a awon da bai wuce digiri 2 zuwa 5 ba, tun daga gona har zuwa ranar aiki, kuma duk sa'ar da suka yi a cikin zafi tana rage musu kwana. A garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 35, wannan yana nufin firji ko ɗakin sanyi da ba ya mutuwa dare da rana. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wuta ga masu layin da ake kira Band A zuwa naira 225 a kan kowane yunit, fiye da ninki uku na da, ga shi kuma tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 tayar da janareta ya zama abin lissafi. Saboda haka kuɗin furen ba shi ne abin da ka biya dillali ba. Ka ƙaddara ka sari kara 100, ashirin suka karye a hanya ko suka langaɓe kafin a saya. Kuɗin da ka kashe duka, da na mota da na wuta da na soso da ƙyallen ɗauri da ladan yaron da ya taya ka, a kan kara 80 za ka raba shi. Wanda ya raba a kan ɗari yana sayarwa a faɗuwa yana murna, kuma ba zai gane ba sai ranar da zai koma sari ya ga kuɗin ba su kai ba.

Daga nan ne shawara ta farko ta fito: kada ku fara da kama shago. Masu gidaje a Abuja sun saba karɓar kuɗin shekara guda a dunƙule, wasu ma biyu, kuma shago a Wuse II ko Maitama yana iya cinye jarin mafari kafin ya sayar da kara ɗaya. Abin da ya kamata ya riga haya shi ne koyo. Ku je ku zauna ƙarƙashin wanda ya iya, ko mai kwalliyar zauren biki ko mai lambu irin waɗanda ke jere a gefen manyan titunan birnin, ku yi kakar biki ɗaya ko biyu kuna ɗaukar bokiti. A nan za ku san wane dillalin Jos ne ke cika alƙawari, wace rana kaya ke sauka, wane zaure ne ke barin masu ado su shiga tun da asuba, wanne ne kuma ba ya kunna na'urar sanyi sai baƙi sun fara zuwa. Wannan ilimin ba a samunsa a bidiyon intanet, domin masu yin bidiyon suna zaune ne a garuruwan da wuta ba ta ɗaukewa kuma gonar fure na kusa. Bayan koyo sai rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, da buɗe asusun banki da wannan sunan, don kuɗin sana'a kada su haɗu da kuɗin cefane. Ɗaki guda mai sanyi a gida, da firji mai kyau, da bokitai masu tsafta, da waya mai ɗaukar hoto, sun isa a fara.

Shawara ta biyu ita ce ginshiƙin duka: ɗanyen fure sai an yi oda ake saro shi, kuma ba a saro shi sai an karɓi kafin alƙalami da ya kai kuɗin sarin. A rubuta komai a takarda, ko a saƙon WhatsApp da kowa zai iya komawa ya duba: irin furen, launinsa, yawan kara, ranar kaiwa da sa'arta, wurin da za a kai, wanda zai karɓa, da abin da za a sa a madadinsa idan wanda aka zaɓa bai zo ba. A rubuta kuma abin da zai faru idan aka ɗaga biki, domin ɗaga biki ba baƙon abu ba ne a wurinmu, rasuwa ko rashin lafiya ko rashin kammala jere duk suna sa a ɗaga, kuma furen da aka riga aka yanka ba zai jira sabuwar rana ba. Wasu matasa suna jin nauyin neman rubutu a wurin Hajiyar da ta isa ta haife su, suna ganin kamar rashin kunya ne. Ba haka ba ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin cinikin da ake biya kafin a kawo kaya, wanda suke kira salam, kuma sharaɗin da suka gindaya shi ne a fayyace siffar kayan da adadinsu da lokacin kawowa tun a wurin ƙulla ciniki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani ma a kan rubuta bashi ta sauka. Idan ka ce, "Hajiya, bari mu rubuta don kada in manta wani abu a cikin hidimarki," ka kiyaye girmanta ka kuma kiyaye jarinka. Abin da bai kamata ka yarda da shi ba shi ne a ce sai bayan biki za a biya. Bayan biki iyaye sun gaji, aljihu ya bushe, furen kuma yana bola, ba abin da za ka je ka ƙwato.

Shawara ta uku ita ce sanin kula da hajar, domin a nan ne ake rage asarar da muka lissafa. Fure yana shan ruwa ta wasu ƙananan jijiyoyi a cikin kararsa, kuma abu biyu ne ke toshe su: iska da ƙwayoyin cuta. Don haka da zarar kaya sun iso, a sake yanke gindin kowace kara a karkace da wuƙa mai kaifi, a cire duk ganyen da zai nutse a ruwa, a sa a bokitin da aka wanke da bilic, a bar shi ya sha na wasu sa'o'i a wuri mai sanyi kafin a fara ɗauri. Garin da ake sayarwa a matsayin abincin fure ba wani sirri ba ne, sukari ne da ɗan tsami da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Akwai kuma wata iska da ake kira etilin, wadda ayaba da mangwaro da tumatir ke fitarwa idan suna nuna, tana kuma cikin hayaƙin mota da na janareta, kuma tana tsofar da fure da wuri. Wanda ya haɗa furen amarya da kayan marmari a firji ɗaya, ko ya ajiye bokiti kusa da janareta, da hannunsa ya kashe kayansa. Sannan ba kowane fure ke son firji ba. Na ƙasashe masu zafi, irin su helikoniya da anturiyom da yawancin okid, suna baƙi idan sanyi ya yi ƙasa da kamar digiri 10, sai dai a ajiye su a ɗaki mai ni'ima. Ranar kai kaya kuma a yi lissafin cunkoson hanyar Nyanya da ta Kubwa da ta filin jirgi, kuma kada a sa fure a but ɗin mota da tsakar rana.

Sai sanin kalanda, wanda a Abuja kalanda biyu ce ke aiki tare. Bukukuwan Musulmi suna cunkushewa kafin azumi da bayan sallah, na kowa da kowa kuma suna taruwa a Disamba. Tun da watan Musulunci yana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, yanayin da waɗannan bukukuwa ke faɗawa yana sauyawa. A 2025 an ɗauki azumi a farkon Maris aka yi sallah a ƙarshensa. Ma'ana, a 'yan shekarun nan rububin auren kafin azumi yana faɗawa cikin hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke tsotse ruwan fure ko da babu zafi, yana kuma karo da ranar masoya ta 14 ga Fabrairu, wadda a duk duniya ake wawar jan wardi a cikinta farashinsa ya tashi. Bukukuwan bayan ƙaramar sallah kuwa suna faɗawa tsakiyar bazara, lokacin da ya fi kowanne kashe fure a wannan gari. Mai sana'ar da ya san haka zai yi magana da dillalinsa tun da wuri, zai kuma gaya wa amaryar da bikinta ya zo kusa da tsakiyar Fabrairu cewa jan wardi zai yi mata tsada, ga abin da zai maye gurbinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu sai zaɓen furen biki, kuma a nan maganar ta shafi amare da ƙawayensu kamar yadda ta shafi masu sayarwa. Yawanci amarya takan zo da hoto a waya ta ce irin wannan nake so. Kafin a yi maganar launi, tambaya huɗu ce ke gaba: wane wata, ƙarfe nawa, a cikin zaure ko a fili, kuma sa'a nawa furen zai yi a tsaye kafin baƙi su zo. Ɗaurin aure a masallaci, ko a babban masallacin ƙasa ko a na unguwa, ba ya buƙatar fure. Kamu ko sa lalle da ake yi da la'asar a tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa ba wurin fure mai laushi ba ne. Haidiranjiya, wadda amare ke so saboda cikarta, tana langaɓewa cikin ɗan lokaci idan ta rasa ruwa a zafi. A irin wannan wurin abin da ke jurewa shi ne kaneshon da kirisantimom, waɗanda kan kai mako biyu a ruwa, da helikoniya da ganyayen ado masu kauri da ake samu a lambunan Abuja, da tsirrai masu rai a tukwane. Dina da dare a zaure mai sanyi ita ce wurin wardi. Ko a nan ma, ba kowane lungu ne ya cancanci ɗanyen fure ba. A sa shi inda hannu da hanci da kyamara ke kaiwa, wato ƙunshin da amarya za ta riƙe, da teburinta, da teburin iyaye. Bango mai nisa da saman ƙofa, fulawar roba mai kyau ta wadatar. A kula kuma da kayan amarya: idan leshinta ko lafayarta sun cika ado da duwatsu, ƙaramin ƙunshi mai launi ɗaya ya fi fito da ita, kuma furen lili yana da wani gari a tsakiyarsa da ke ɓata tufafi, sai an cire shi kafin a miƙa mata. Hannun da aka ɓata yini ana zana wa lalle ma bai kamata a ɓoye shi a bayan ƙaton dami ba.

Na san akwai masu ja da wannan magana tun daga tushe. Na farko zai ce riƙe fure al'adar Turawa ce, kuma kashe kuɗi a kan abin da za a zubar gobe almubazzaranci ne, bai kamata a tura matasa cikinsa ba. Rabin maganarsa gaskiya ce. Ƙunshin fure da farar riga daga Turai suka zo, kuma auren Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1840 yana cikin abin da ya yaɗa wannan salo. Gaskiya ne kuma cewa addini ya hana ɓarna, kuma malamai kullum suna tunatar da mu cewa albarkar aure tana cikin sauƙinsa. Amma son ƙamshi da tsiro mai kyau ba baƙo ba ne a wurinmu. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa wanda aka miƙa wa raihani kada ya mayar da shi, kuma mu ne masu humra da turaren wuta da furen lalle. Cinikin fure ma ba sabo ba ne ga manomanmu: zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina ana fitar da shi har ƙasar Meziko daga jikin furen yakuwa ake cire shi. Abin da ke zama ɓarna shi ne wuce gona da iri, da cin bashi don a burge mutane. Maganin wannan kuwa yana hannun mai sayarwa mai tsoron Allah, wanda zai ce wa uwar amarya rabin abin da ta yi niyya ya isa. Ku tuna kuma Abuja gari ne na kowa, akwai auren coci da ofisoshin jakadanci da otal-otal da asibitoci, duk suna neman fure, kuma idan 'ya'yanmu ba su koyi aikin ba wasu ne za su ci gaba da yi.

Na biyu zai ce, tun da ɗanyen fure yana da wannan wahala, me zai hana a tsaya a kan na roba kawai, a saya sau ɗaya a yi ta bayar da haya? Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ban ga laifin mafari ya fara daga nan ba. Fulawar roba ba ta buƙatar firji, ba ta tsoron ɗaga biki, kuma saiti ɗaya yana iya yin bukukuwa da yawa kafin ya koɗe. Matsalarta ita ce duk mai kuɗi yana iya zuwa ya saro irinta, don haka gasar da ke cikinta ta karya farashi ce kawai, kuma wanda ya fi jari shi ke cinyewa. Ɗanyen fure kuwa wahalarsa ita ce katangarsa, domin ba kowa ke iya kawo shi da rai ƙarfe bakwai na yamma a watan Afrilu ba, wanda ya iya kuma ba a saurin sauya shi. Hanyar da ta fi ita ce a haɗa biyun, roba ta riƙe kuɗin yau da gobe, ɗanye ya gina suna. Sharaɗi ɗaya ne: kada a cakuɗa su a karɓi kuɗin ɗanye zalla. A gaya wa mai biki wanne ne wanne, a rubuta. Ɓoye aibin haja algus ne, kuma a sana'ar da kowane aiki ake ɗaukarsa a hoto, asirin mai algus ba ya daɗewa.

Na uku zai ce, idan na gaya wa amarya cewa abin da take so ba zai yiwu ba, za ta tafi wurin wanda zai ce mata to. Haka ne, wata za ta tafi. Amma ku duba yadda ciniki ke yawo a harkar biki. Amarya sau ɗaya take saye, sai dai a bayanta akwai ƙannenta da ƙawayenta da 'yan ajinsu da ƙawayen uwarta, kuma dukansu suna zaune a zauren suna kallo. Idan furen ya sunkuyar da kai kafin ango ya shigo, ba wanda zai ce amarya ce ta nace, za a tambaya ne wa ya yi wannan aikin. Ka ci ribar dare ɗaya ka rasa dangi guda. Kuma faɗin gaskiya ba yana nufin a ce a'a a yi shiru ba. Gwani yakan ce wannan ba zai jure ba, amma ga wanda zai ba ki kusan wannan kamar, ga hotonsa a bikin da aka yi a irin wannan lokacin, ga kuma bambancin kuɗin. Hotunan da za ku sa a Instagram ma su zama na aikin hannunku. Wanda ya ɗauko hoton wani shago na Dubai ko Landan ya sa a shafinsa ya ɗaura wa kansa alƙawarin da ba zai iya cikawa ba.

Na huɗu, wanda ya fi damun mai ƙaramin ƙarfi, zai ce idan sai an yi oda zan saro, me zan ci a watannin da babu biki, kamar cikin azumi ko tsakiyar damina? Amsar tana cikin hajar da ba ta mutuwa da wuri. Abuja gari ne da aka tsara da filayen shaƙatawa da lambuna, tun daga Millennium Park da aka buɗe a Disambar 2003 har zuwa ƙananan lambunan unguwanni, kuma kullum ana gina sababbin rukunin gidaje a Lokogoma da Lugbe da Katampe da Guzape, kowanne yana neman a dasa masa shuke-shuke. Tsiro a tukunya idan ba a saya yau ba girma yake ƙarawa, kuɗinsa ma ya ƙaru. Akwai kuma ofisoshi da otal-otal da gidajen abinci da ke son a riƙa sauya musu fure kowane mako ko a kula musu da tsirrai kowane wata. Irin wannan yarjejeniya kuɗinta bai kai na biki ba, amma ita ce ke biyan wuta da albashin yaro, ita ce kuma ke sa dillali ya san ka a matsayin mai saye na kullum, har ya fifita ka ranar da kaya suka yi ƙaranci. Wanda zai kafa lambu a gefen titi kuwa ya nemi izinin sashen kula da lambuna na hukumar birnin kafin ya zuba ƙasa, domin a Abuja abin da aka kafa ba izini yana iya tashi a wuni ɗaya.

Saboda haka, ƙannena, kafin ku karɓi kuɗin Baba ko na adashi ku ce za ku buɗe shagon fure, ku zauna da littafi ku amsa wa kanku waɗannan: wa zai koya mini, daga ina kayana za su zo kuma kwana nawa suke yi a hanya, me zai faru da su idan wuta ta ɗauke da dare, kara nawa cikin ɗari nake sa ran rasawa, kuma me zan sayar a watan da ba a biki. Wanda ya amsa su da lamba da suna ya shirya, ko da daga ɗakin gidansu zai fara. Wanda bai iya amsawa ba ya ƙara kaka ɗaya a wurin maigidansa, ba a makara ba. Ku kuma da za ku yi aure, ku nemi mai furen da ya fara tambayarku wata da sa'a da wuri kafin ya faɗi farashi, ku sayi abin da aljihun iyayenku zai ɗauka ba tare da bashi ba. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya ba ma'aurata zaman lafiya.